Mai Ƙidaya a Ɗan Isa

An ba ni takarda mai layi-layi,
da biro, da hula mai tambari,
aka ce: je ka Ɗan Isa,
ka rubuta duk wanda ya kwana gida daren jiya.

Gidan farko, Hajo tana tankaɗe.
Na ce, ku nawa ne a nan?
Ta ce, da hantsi ko da dare?
Ranar kasuwa ko washegari?
Ta aje rariya, ta shiga lanƙwasa yatsu:
Illiya nan yake kwana, a Magama yake karyawa.
Ɗan Jimma ya bar takalmansa a zaure tun damina,
shi ma sa shi.
Na ce, takalmi ba ya shiga layi.
Ta ce, to tuwonsa da nake rufewa kullum fa,
wa zai ce mini ba mutum ba ne?

Tsoho Barmo na iske bakin rumbu.
Shekara nawa, Baba?
Ya ce, shekarar da Gulbi ya yi fushi
ya kwashe mana dankali, ina goye.
Ka lissafa, kai ne ka yi lakwal.
Gonarsa kunya ashirin nan, talatin can,
ya sayi iri da sefa, ya sai da wake da naira,
jakinsa bai taɓa nuna wa kowa takarda ba.

Akwai gurbin da aka rubuta: wurin haihuwa.
Ɗiyar Tsahara ta faɗo a bayan mota,
an wuce shingen duwan, ba a kai na kwastan ba.
Cibiyarta tana nan ƙarƙashin bedi,
ragon sunanta a Jibiya aka yanka.
Na ɗaga biro. Na daɗe.
Jaririyar ta yi hamma, ba ruwanta.

Gurbin ƙabila kuma,
wata mai ƙosai ta yi mini dariya har da tafi:
uwata Bafulatana, ubana Bagobiri,
mijina Bakatsine mai taurin kai,
yarana suna ƙirga da Faransanci,
su yi ciniki da Hausa,
su yi zagi da duk wanda ya zo baki.
Gurbin naka ɗan mitsitsi ne, malam,
ko zanena ba zai shiga ba.

Yara kam, kamar an zubar da gero.
Na ƙirga tara a wani zaure,
na iske huɗu daga cikinsu a gida na gaba,
sun riga ni, sun jeru, suna jiran a sake.

Da la'asar wata ta tare ni a lungu,
ba ta faɗi sunanta ba.
Ta ce, ɗana ya tafi da jarka shida kan babur,
watan azumi biyu ke nan.
Can sun ce ba nasu ba ne.
Kai ma kar ka ce haka.
Na rubuta shi a gefe, inda ba layi,
da ƙananan baƙi: Laminu.

A Maraɗi shugabana ya miƙo hannu.
Nawa ka samu?
Na faɗi adadi, ya buga hatimi,
kamar wanda ya auna Gulbi da ludayi
ya ce ya san ruwa.

Sai a tasha, ina laluben kuɗin mota,
naira a aljihun dama, sefa a na hagu,
na tuna inda ni kaina na kwana daren jiya:
ɗakin gwaggona, hayin can,
ƙafa uku bayan iyaka.
Na duba takardun duka.
Ba ni ciki.